Kwaɗon Latas a Gonar Inna Lami

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar ɗaya ga Janairu ba, ranar da na ɗauki matata a mota na ce zan kai ta ta ga gonar ubana. Har yau idan abin ya faɗo min, ko abinci nake ci sai na ajiye cokali.

Ni haihuwar wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ke ratsa gonaki rani da damina. Mahaifina, Malam Idi, manomin rani ne. Ya rasu ina firamare, sai kawuna ya ɗauke ni ya kawo ni birni, gonar kuma ta koma hannun ƙanin mahaifin nawa, Baffa Sule. Tun daga nan zuwana ƙauye bai wuce na sallah ko ta'aziyya ba. In shiga zaure, in gaisa, in sha fura, in kama hanya. Gona kuwa, rabona da in taka ta tun ina sa gajeren wando.

Amma fa a baki, babu manomin da ya kai ni. Matata Nafisa 'yar cikin birni ce, ba ta taɓa ganin tumatir a jikin uwarsa ba, shi ya sa na samu fili. Ta yanka albasa, in ce wannan ba albasa ba ce, sai ta ga ta gonarmu. Ta sayo latas, in ɗaga ganyen in yatsina fuska in ce ya kwana. (Ban san yadda ake gane latas ya kwana ba, har yau ɗin nan.) Ita kuma baiwar Allah sai ta ce, "Yallaɓai, wai yaushe za a kai ni in ga gonar nan?" In ce mata lokaci na nan zuwa.

A makon ƙarshe na Disambar shekarar Baffa ya aurar da autarsa Hauwa. Da kansa ya kira ni a waya, bai aiko kowa ba. Na ce masa aikin rufe shekara ya sha min kai a ofis, kuma gaskiya ne akwai aikin, sai dai bai kai ya hana ni tafiyar da ba ta wuce in je da safe in dawo da yamma ba. Ya ce, "To, Allah ya taimaka. Aiki ai shi ne gaba." Na aika da gudummawa, na ɗauka magana ta ƙare.

Kwanaki kaɗan bayan haka, abokan aikina suka fara zancen inda kowa zai kai iyalinsa hutun sabuwar shekara. Mu dai ba bikin sabuwar shekara muka gada ba, hutu ne aka bayar, amma kowa na ta kurin zai fita shan iska. Ni ma na dawo gida na ce da Nafisa ta shirya, za mu buɗe shekara a gonarmu, mu biyu kawai, mu ci abinci a bakin ruwa. Murnar da ta yi ba a magana. Ta soya kaji, ta daka ƙuli da yaji, ta zuba man gyaɗa a 'yar kwalba, ta cika fulas da shayi mai citta. Ta tambaya ko ta sayi kayan kwaɗo, na yi dariya na ce, "Ki sayi latas ki kai gonar latas? Kar ki ba ni kunya mana."

Muka fito da hantsi, sanyi na ratsa ƙashi. Nafisa ta sa rigar sanyi a cikin hijabi har da safar hannu, ni kuwa na ƙi sa komai a kan kaftanina, wai ni ɗan bakin ruwa ne, sanyi ya san ni. (Haƙorana na haɗuwa, sai na riƙa yin magana da sauri don kar ta lura.) Muka bar Kumbotso a baya muka miƙe titin Zariya. A Karfi muka tsaya na sayo rake, na tsaya ina ƙwanƙwasa kowane kara ina kara kunne kamar likita, mai raken yana ta kallona. Daga nan gonaki suka fara buɗewa hagu da dama, kore shar, alkama nan, tumatir can, mutane sun naɗe wanduna suna ban-ruwa. Nafisa ta sauke gilas duk da sanyin, tana ta "Masha Allahu". Rabon da in ga fuskarta ta washe haka, an daɗe.

Da muka iso mararrabar ƙauyenmu, hanya ta rabu biyu: ɗaya ta shiga gari, ɗaya ta bi bakin kanal. Na karya kan mota na bi ta kanal.

"Ba za mu fara shiga mu gaida Baffa ba?" in ji Nafisa. "Ko Allah-sanya-alheri ba mu yi masa ba fa."

"A dawowa," na ce. "Idan muka shiga yanzu, gaisuwa kaɗai za ta cinye mana yinin."

A raina kuwa ko a dawowar ban yi niyyar shiga ba. Da wane ido zan kalli mutumin da na ce wa aiki ya hana ni ɗaurin auren 'yarsa, ga ni kuma da kaji a but ɗin mota na zo shan iska? Lissafina shi ne ranar hutu ce, ga gajiyar biki, Baffa yana gida. Mu shiga gona mu fita, babu wanda ya gan mu.

Abin da nake riƙe da shi a kaina game da gonar abu biyu ne: wata ƙaramar gada, da bishiyar mangwaro a gefenta. Abin da ban tuna ba shi ne, a bakin kanal ɗin nan duk inda ka waiwaya gada ce da mangwaro. Na wuce ta farko, na wuce ta biyu, gumi ya fara tsattsafo min duk da sanyin. Nafisa ta ce, "Ko mu tambaya?" Na ce, "In tambayi hanyar gonar ubana?" Can na hango wani mangwaro mai faɗin inuwa, ga gona a gabansa tsaf-tsaf, fangali-fangali, latas da karas da tumatir ya nuna jajir. Zuciyata ta ce min ita ce. Gaskiya dai, ita ce ta fi kowacce kyau a jerin, shi ya sa zuciyar tawa ta zaɓe ta.

Na taka burki na ce, "Bismillah, sauko. Kin iso gidanku."

Muka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron. Nafisa ta ciro waya ta ce sai ta ɗauke ni bidiyo ta tura guruf ɗin gidansu. Na gyara hula, na tsaya a kan kunya, na ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a. "Daga wannan mangwaron har inda idonku ya tsaya, gumin Malam Idi ne. Wannan bishiyar da hannunsa ya dasa ta, ni na riƙe masa butar ruwa." Har da share ƙwalla. Ta tura nan take, kafin mu zauna 'yan'uwanta sun fara turo addu'a ga mamacin.

Na shiga gonar na tuge latas, ba ganye-ganye ba, da saiwarsa. Na tuge karas, na tsinko tumatir cike da gaban riga. Nafisa ta wanke a bakin ruwa ta haɗa kwaɗo, kuma wallahi ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Da ciki ya ɗauka sai kai ya ƙara kumbura, na ce bari in nuna mata yadda ake ban-ruwa. Akwai wata 'yar hanyar ruwa da aka toshe bakinta da laka, na sa ƙafa na ture lakar. Ruwa ya kwararo cikin wani fangalin albasa da na ga ƙasarsa ta bushe. "Kin gani? Baffa ya bar ta da ƙishi, tsufa ya fara kama shi." Na dawo tabarma na ɗauki cinyar kaza, na manta da ruwan yana ta shiga.

Muna cikin shan shayi muka ji waƙa daga nesa. Ayari ne ke tahowa a kan gaɓar kanal, mata sun yi anko da atamfa iri ɗaya, maza biyu ɗauke da kwanduna, ana tafe ana tafi. Na gaya wa Nafisa cewa mutanen unguwar gabas ne, Kiristoci, daga coci suke, yau ranar bikinsu ce. Na ɗaga musu hannu irin na mai gona yana gaida masu wucewa. Sai na ga ba wucewa suke ba. Sun sauko daga gaɓar, sun nufo mangwaron, waƙar tana mutuwa a bakinsu da ɗaiɗai.

A gabansu wata tsohuwa ce doguwa, ta ɗaura ɗankwali ta yafa mayafin saƙi. Ta dubi tabarma, ta dubi ƙasusuwan kaza, ta dubi ramukan da latas ya bari. Ta ce, "Sannunku da hutawa."

"Yauwa Inna, sannunku. An yi biki lafiya?" na amsa, ina kishingiɗe.

Kafin ta sake magana, ɗaya daga cikin mazan, wani ƙaƙƙarfa da na ji suna kira Bulus, ya yar da kwando ya ƙwalla ƙara. "Inna, albasa! Wa ya sakar mata ruwa?" Ya zabura da takalmin cocinsa ya faɗa cikin laka, yana tara ƙasa da hannu yana toshewa. Ashe da gangan aka yanke wa albasar ruwa, an kusa cire ta. Ya ɗago, wandonsa ya ɓaci har gwiwa, ya nufo ni. "Malam, kai wane ne? Wa ya ba ka izinin shiga gonar nan?"

Da mai hankali ne, a nan zai fara tunanin ko ya yi kuskure. Ni kuwa ganin Nafisa na kallona, sai na miƙe na karkaɗe riga. "Izini? A gonar ubana? Kai ne dai zan tambaya me ya kawo ku da kwanduna. Don kun ga Baffa ya tsufa shi ne kuke shigo masa gona ranar hutu?"

Eh, haka na faɗa. Na kira mutane ɓarayi a cikin gonarsu, da ganyen latas ɗinsu a maƙale a haƙorina.

Bulus ya yunƙuro, tsohuwar ta sa hannu ta tare ƙirjinsa. Ta matso daf da ni tana ƙare min kallo. "Yaro, wane ne uban naka?"

"Malam Idi. Yayan Malam Sule."

Ta ƙanƙance ido. Sai ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Kai! Faɗa-ruwa? Kai ne Faɗa-ruwa na Idi?"

Sunan nan na ɗauka na binne shi tun ranar da na bar ƙauye. Ban taɓa gaya wa Nafisa ba, ko abokaina na birni babu wanda ya sani. Tsohuwar ta juya ga ayarinta, ta ba su labarin tun daga farko da murya mai kaiwa gona ta uku. Yadda ina ɗan mitsitsi na bi kwaɗo na zurma cikin kanal. Yadda ita, Lami, tana cikin yi wa tumatir ciyawa ta ji ihu ta faɗa ruwa da zaninta ta cafko ni. Yadda ruwa ya tafi da wandona, ta naɗe ni a ɗankwalinta ta saɓa ni a kafaɗa ta ratsa tsakiyar gari da ni, ina kuka ina kiran wandon. "Wandon yake wa kuka, ba ransa ba!" in ji ta. Matan suka fashe da dariya har da masu durƙushewa. Bulus ma da ya cika ya batse sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na saci kallon Nafisa, ta cusa fuska a cikin hijabi, ban sani ba dariya take ko kuka.

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "To Inna... wannan gonar..."

"Tawa ce, ɗan nan. Mangwaron nan mijina ya dasa shi kafin a haife ka. Naku iska ta kayar da shi tun shekarun baya." Ta kama kafaɗata ta juya ni, ta miƙa hannu tsallaken kanal. "Ga taku can, mai alkama. Ga ma Sule can a tsaye."

Na duba. A tsallake, a bakin wata gonar alkama, wani dattijo ne tsaye shi kaɗai, ya harɗe hannu a baya, yana fuskantarmu. Ko daga nesa na gane tsayuwar, irin ta mahaifina ce.

Duk dariyar da aka yi min ba ta kai tafiyar nan ciwo ba. Muka taka gadar, ni a gaba, Nafisa a baya. Muka durƙusa a gabansa a kan kunya. Ya amsa gaisuwarmu da sakin fuska, ya tambayi Nafisa mutanen gida da sanyi, ya sa mata albarka. Sannan ya dube ni.

"Tun da kuka karyo kwana na gane motar," ya ce. "Na ce alhamdulillahi, ga shi aiki ya sake shi, ya kawo iyalinsa su yi wa Hauwa murna, an ce musu ina gona sun biyo ni. Na ajiye fartanya, na wanke hannu da ƙafa, na sa hulata. Sai na ga kun shimfiɗa tabarma a wajen Lami."

Na sunkuyar da kai.

"Na yi tunanin in ƙwala maka kira," ya ci gaba, "sai na ce a'a, wanda ya zo wajenka ai ba sai ka kira shi ba."

Bai ƙara ko kalma a kan haka ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na samu sauƙi. Sai ya kama hannun rigata ya zagaya da mu gonar, yana nuna wa Nafisa iyakokinta, da kututturen mangwaron da ya rage, da inda mahaifina yake shimfiɗa buzu ya yi salla. Ita yake yi wa bayani, amma na san da wa yake. Ya ce mu shiga gida, muka shiga, Nafisa ta gaisa da matan gidan, ni kuwa na zauna a zaure ina kallon ƙasa, duk wanda ya shigo sai ya ce, "A'a, Faɗa-ruwa, an ce ka yi ɓatan kai." Labarin ya riga mu isowa.

Kafin mu tafi na koma wajen Inna Lami na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce zan ɗauki asarar albasar. Ta ce in rufe mata baki, wanda ta tsamo daga ruwa ba zai biya ta albasa ba. Ta sa aka zubo mana shinkafar bikinsu da suka kawo ci a gindin mangwaron a kwano, ta cika leda da latas ta miƙa wa Nafisa. "Ungo amarya. Idan kin ƙara sha'awa ki zo da kanki, kar ki biyo wannan." Bulus ya miƙo min hannu, amma bai dube ni ba. Daga baya na ji rabin fangalin nan ruɓewa ya yi.

Muka kamo hanyar dawowa. Wayar Nafisa sai ƙara take, yayyenta na tambayar yaushe za a kawo musu nasu kwandon daga gonar surukinsu, wata gwaggonta har ta ce bidiyon ya sa ta hawaye. Ta kife wayar a cinya. Sai da muka hango fitilun shiga gari, ana kiran magariba, na yi ƙarfin halin cewa, "Ki yi haƙuri, na ba ki kunya."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Ni ba gonar ce ta dame ni ba, kowa yana ɓata. Tsayuwar Baffa ce. Tun muna wanke latas na hango wani tsoho a tsallake yana kallonmu, har na ce a raina ko yunwa yake ji, in kai masa kaza."

Tun daga ranar nake zuwa ƙauye a kai a kai, ba sai da sallah ba. Na san gonar yanzu ko da ido a rufe. Baffa yana karɓata hannu biyu, ya sa a shimfiɗa min sabuwar tabarma, a kawo min ruwa a kofin baƙi. Matsalar ke nan, a kofin baƙi. Da can da sunana yake kirana, ya aike ni, ya yi min faɗa in na yi laifi. Yanzu "Alhaji" yake ce min, ni da ko filin jirgi ban taɓa kai kaina ba. Da aka yi sunan ɗan Hauwa na fari, a bakin wani na ji, na je ba a gayyace ni ba, ya ce, "Ai na ga kar a takura maka, ga aiki." Ina nan dai ina ta zarya, ko Allah zai sa wata rana ya manta ya daka min tsawa kamar da.

Abin da na koya kuwa bai da yawa. Idan za ka kai mace ta ga gadonka, ka fara biyawa ta wajen wanda yake riƙe maka da shi, ka gaishe shi, sannan ka sunkuyar da kai ka tambaye shi hanya. Kuma duk ƙauyen da aka taɓa ratsawa da kai ba wando, kar ka shige shi kana ɗaga murya.